Ina Aka Kai Ƙurunƙus? Labarin Hausa Tsakanin Takarda, Allo Da Waya

Kwanakin baya na yi kwana uku a gidan wata ƙanwata, na zuba ido ina kallon yadda labari yake bin ta daga safe har dare. Da ta idar da sallar asuba, sai ta buɗe WhatsApp ta duba ko marubuciyar da ta biya wa kuɗin littafi ta saki shafin yau. Da hantsi tana yankan alayyahu, waya na jingine da robar gishiri, wani mai zaƙin murya yana karanta mata wani littafin daban a YouTube. Bayan isha'i yara suka kewaye ta aka kalli sabuwar fitowar wani fim mai dogon zango. Kafin ta kwanta kuma ta leƙa TikTok, inda tuni an yanko wurin da uwargida ta yaɓa wa amarya baƙar magana a fim ɗin da suka gama kallo, jama'a suna ta musu a ƙarƙashinsa. Na tambaye ta, cikin labaran nan da take bi, wanne ta ga ƙarshensa a bana? Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, can ta ce, "Yaya, ai ba sa ƙarewa."

Amsar nan ce ta zaunar da ni wannan rubutu. Bahaushe ya gaji labari mai ƙofa biyu. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta, in an gama ta rufe da ƙurunƙus. Amsawar yaran ta nuna cewa tun asali mai sauraro yana da baki a cikin labarinmu. Ƙurunƙus kuwa cika alkawari ne: na ɗauke ku, na kai ku, na sauke ku. Abin da nake gani a yau shi ne ƙofar shiga ta yi faɗin da ba ta taɓa yi ba, amsawar masu sauraro ta zama kasuwa mai zaman kanta, amma ƙofar fita tana neman toshewa. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Yadda kuɗi yake shigowa ne ya koya wa labari jan ƙafa.

Tsallakawar labari daga wannan kafa zuwa waccan tsohon abu ne a wurinmu, ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Bayan shekaru kusan arba'in Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo na dandamali, sannan a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Magana Jari Ce ta hau talabijin a Kaduna. Rediyon Kaduna ya daɗe yana karanta littattafai a shirin Shafa Labari Shuni, wanda ya kai ƙagaggen labari kunnen manomi da makiyayi da matar kulle waɗanda ba su taɓa riƙe littafin boko ba. A duk waɗannan, labarin ya riga ya kammala kafin ya yi ƙaura. An san farkonsa, an san inda zai tsaya, sabuwar kafar tufa kawai take sauya masa.

Zamanin littattafan soyayya, wanda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, shi ne ya fara haɗa labari da dabarun kasuwa ƙuru-ƙuru. Marubutan ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, su ne marubuta, su ne masu ɗab'i, su ne 'yan talla. A bayan littafi akan jera sunayen littattafan abokan tafiya da waɗanda ke nan fitowa. Akan buga wasiƙun masu karatu, wata daga Gusau, wani daga Maraɗi, ana yabo, ana ƙorafi, ana roƙon kada a raba masoya. Duk wanda yake ganin sharhin masu kallo a ƙarƙashin bidiyo sabon abu ne, ya nemi tsohon littafi ya buɗe shafukan ƙarshe. Raba littafi gida biyu ko uku ma a nan ya samo asali: a yanke labari daidai inda zuciya ta tsinke, a ce mu haɗu a littafi na biyu. Masu shagon haya suka ƙara wa abin armashi, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya fita. Sai dai akwai linzami. Takarda kuɗi ce, maɗaba'a kuɗi ce, don haka da wuya marubuci ya zarce littafi na uku ko na huɗu bai rufe ba.

Daga wannan gona fim ya tsiro. Turmin Danya ya fito a 1990, ba a jima ba marubutan suka ɗauki kyamara da kansu. Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, ya kuma fito a ciki. Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat, duk sun bi wannan hanya. Wanda ya karanta yana son ya ga fuskar da ya daɗe yana zanawa a ransa, wanda ya kalla yana neman littafin don ya ji abin da aka tsallake. Da waƙa ta kankama a ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya, sai aka sami sabon ɗan aike. A saki kaset ɗin waƙoƙi tun fim bai fito ba, a ji shi a shagon mai shayi da motar haya da gidan biki, a liƙa fosta a bango, a saka tallar sabon fim a farkon wani fim ɗin. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da Tauraruwa, inda Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood, suka riƙa ciyar da masu kallo da labarin jaruman kansu. Kafin Facebook ya zo duniya, Kano ta san yadda ake sa kafa huɗu su yi wa haja ɗaya talla.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Henry Jenkins, ya yi bayani a wata maƙala a 2003, ya faɗaɗa shi a littafinsa na 2006, cewa maimaita labari ɗaya a kafofi daban-daban abu ne guda, shimfiɗa duniyar labari a kan kafofi da yawa kuma wani abu ne daban. A na biyun, kowace kafa tana kawo abin da sauran ba su da shi. Misalin da ya fi kafa hujja da shi shi ne The Matrix: a 2003 masu fim ɗin sun fitar da gajerun finafinan zane da wasan kwamfuta waɗanda ke ɗauke da sassan labarin da ba a nuna a silima ba. In muka auna kanmu da wannan ma'auni, gaskiya mafi yawan abin da muke yi na farkon ne. Fitowar da aka haska a talabijin ita ce a YouTube, ita aka yayyanka a TikTok da Instagram, ita aka ɗauki hotonta aka saka a Facebook da tambayar "wa ya fi gaskiya?" Tuwo ɗaya ne ake zubawa a kwano huɗu. Ba na cewa dole mu kwaikwayi Amurka, amma abin takaici ne a ce muna da taurarin labari irin su Baba Ɗan Audu na fim ɗin Labarina, waɗanda mutane ke kwaikwayon maganarsu a majalisa, ba a taɓa tunanin ba su ɗan littafi ko shirin rediyo da zai faɗi inda suka fito ba. Kafofin sun yawaita, labarin bai ƙara zurfi ba, tsawo kawai ya ƙara.

Dalilin tsawon yana cikin yadda tsohuwar kasuwa ta rushe. Daga tsakiyar shekarun 2010 faifan CD ya fara mutuwa a tsaye. Masu tura finafinai a waya suka cika bakin titi da kwamfutocinsu, da ɗan canjin da bai kai kuɗin faifai ba a cika maka memori. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka kwashe masu kallo. 'Yan kasuwar da a da suke sayen fim tun yana ɗakin tacewa suka janye hannu. Silima ba ta iya ɗaukar nauyin masana'antar ba, don gidajen kallon na zamani ƙalilan ne, kuma talaka ba ya zuwa. Ana cikin haka tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa cewa Bahaushe zai iya ɗaure wa shiri ɗaya mako bayan mako, shekara bayan shekara. Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo baya a 2019. Sai kullen korona na 2020 ya zaunar da kowa a gida da waya a hannu. A shekarar ne Izzar So ya ɓarke a tashar Bakori TV ta Lawan Ahmad, Labarina na Aminu Saira ya fito, masana'antar kusan gaba ɗaya ta juya akala zuwa fim mai dogon zango.

To, YouTube yana da nasa sharuɗɗan, kuma duk mai son fahimtar finafinanmu na yau sai ya san su. Kafin tasha ta fara cin kuɗin tallar da ake sakawa a bidiyo mai tsawo, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ta shiga, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar nata ne, sauran na kamfani. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren cusawa. Na'urar da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutum tana fifita abin da ke riƙe ido, da tashar da ba ta yin fashi. Sannan farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake zaune: idon da ya kalla daga Ingila ko Amurka ko Saudiyya ya fi na Kano ko Damagaram tsada a wurin masu talla. Ma'ana, furodusan da mafi yawan masu kallonsa suke gida sai ya tara kallo mai ɗimbin yawa kafin ya mai da kuɗin mai da abinci da sallamar ma'aikata. A da abin da ake sayarwa shi ne fim. Yanzu abin da ake sayarwa shi ne lokacin mai kallo. Wanda yake sayar da fim yana son ya gama ya shiga wani. Wanda yake sayar da lokaci kuwa, ranar da ya rufe labari ranar ya rufe shago.

Ana ganin sawun wannan a jikin aikin. Gaisuwa ta minti uku. Mota ta fito daga gida, a nuna buɗe ƙofa, a nuna fita, a nuna rufewa. A tuno abin da ya faru makon jiya, a sake tuno shi ta bakin wani. Sirrin da kalma ɗaya za ta warware sai a yi zango guda ana kewaya shi, duk wanda ya buɗe baki zai faɗa sai waya ta yi ƙara. Izzar So ya haura fitowa 100 tuntuni, bayan rikicin Umar Hashim da Hajiya Nafisa da ya ja mutane tun farko ya riga ya ba da abin da zai bayar. Kwana Casa'in, wanda na ɗauka yana cikin mafi ƙarfin rubutun siyasa da aka yi da Hausa a allo, sunansa ma alkawarin wa'adi ne, amma ya yi zango bayan zango. Aminu Saira ya bi wata hanya da ta cancanci a duba: da labarin Sumayya ya zo inda ya zo, bayan sauye-sauyen jarumai, sai ya ɗauko sabon labari da sababbin mutane, na su Mainasara, ya bar sunan Labarina a kai. Wannan ya nuna ya gane cewa abin da masu kallo suke dawowa dominsa shi ne sunan da amanar da ke bayansa, don haka ana iya rufe labari ba tare da an rufe shago ba. A ganina wannan ce mafita mafi kusa, kuma ban ga dalilin da zai hana sauran su gwada ba.

Sai maganar masu kallo, waɗanda yanzu suke zaune kusan a cikin ɗakin rubutu. Yawancin waɗannan finafinai ana ɗaukarsu ne ana saki, don haka abin da aka faɗa a sharhi ranar Lahadi yana iya shafar abin da za a rubuta ranar Laraba. Akwai alheri a nan, kuma ba ƙarami ba. Matar da ke ƙauye, wadda a da ba mai jin ra'ayinta, yau tana iya gaya wa darakta cewa ba haka ake zaman takaba ba, kuma ya ji. Bahaushen Kumasi da na Jidda da na Yamai suna haɗuwa a ƙarƙashin bidiyo ɗaya a daren da ya fito. Waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta nuna ƙarfin wannan a 2020, lokacin da matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawa a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Ba kamfanin tallar da zai iya sayen irin wannan yaɗuwa, jama'a ne suka mai da kansu 'yan talla don abin ya taɓa su.

Amma na'ura ba ta san bambancin yabo da zagi ba, duka motsi ne a wurinta. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ya fi tafiya. Shi ya sa gutsuren da ake yankowa don talla kusan kullum mari ne, ko saki, ko gori, ko kuka. Sannu a hankali sai marubuci ya fara rubuta fitowa yana tunanin daƙiƙa talatin ɗin da za a yanka, maimakon tunanin inda labarin ya dosa. Mugun da ya kamata ya gamu da sakamakonsa sai a bar shi don shi ne ake zagi, zagin kuwa shi ne kasuwa. Wanda labari ya gama da shi sai a dawo da shi don masoyansa sun yi ca. Har rigimar jarumai ta bayan fage ta zama wani zango na fim ɗin: a yi musayar kalamai a Instagram, tashoshin tsegumi su ɗauka su yi kwana uku suna fashin baƙi. Yaran da ke amsa ta zo mu ji ta ba su taɓa karɓe tatsuniya daga bakin kaka ba. Sauraron jama'a wajibi ne, amma riƙon akala aikin marubuci ne, in ya saki ba wanda zai riƙe masa.

Inda abin ya fi ban sha'awa, ya kuma fi ban tausayi, shi ne duniyar marubutan intanet, waɗanda mafi yawansu mata ne. Tsadar takarda ta kashe kasuwar bugun littafi, amma ba ta kashe ƙishin karatu ba. Marubuciya a ɗakinta, da babban yatsa, take buga littafin da in an ɗab'a shi zai yi shafi ɗari biyar. Tsarin kasuwarsu su suka ƙirƙiro abinsu, ba wanda ya koya musu. A fara sakin shafukan kyauta a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook da Wattpad. In labari ya kama, sai a tsaya cak a rubuta: daga nan littafin kuɗi ne. Mai so ta tura ɗari biyar ko dubu ta banki ko katin waya, ta aika shaidar biya, a saka ta a guruf na waɗanda suka biya. Wasu sukan haɗa ƙarfi, kamar marubutan Zafafa Biyar, su fitar da littattafai a tare, a saya ɗaya ko a saya duka da rangwame. Wannan Raina Kama ce ta dawo cikin waya. Sharhi kuwa shi ne man da ke tafiyar da injin. Sau nawa aka ga marubuciya ta rubuta cewa in ba a yi sharhi ba gobe ba shafi? Masu karatu su rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, a kwana ana fafatawa.

A saman shafin kuma, kafin a shiga labari, ga tallar kayan mata, ga ta atamfa da leshi, ga ta turaren wuta da kayan kicin. 'Yar kasuwa ta gane cewa babu allon talla a duk faɗin Arewa da ya kai shafin littafin da mata dubbai ke jira da asuba. Haka abin yake a finafinai: mai sayar da filaye, mai makaranta, mai maganin gargajiya, mai shagon waya, duk suna biya a ambace su, wani lokaci a tsakiyar zance jarumi ya karkata ya yaba wa haja. Ban ga laifin talla ba, da ita ake biyan ma'aikata. Inda nake da ja shi ne inda ba a raba talla da labari, musamman tallar magani. Yarinyar da ta ga jarumar littafin da take ƙauna ta mallake miji da wani haɗi, sannan ta ga lambar mai sayar da haɗin a saman shafi, ba a bar mata wurin yin tunani ba. Ita ma marubuciyar, tunda mai talla yana biya ne gwargwadon kwanakin da za a yi ana ganin hajarsa, ribarta tana cikin kada littafi ya ƙare da wuri. Ciwon da ke damun fim shi ne yake damun littafi.

Duk da wannan wahala, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shafin da aka biya dominsa kafin azahar an kwafe shi an watsa a guruf goma. Marubuciya ta rubuta "ban yafe ba" a sama da ƙasa, ba abin da ya fasa. Wasu shafukan intanet su tattara littafin su ci kuɗin talla da shi. Wasu masu tashoshi su karanta shi a YouTube, akwai masu neman izini su biya, akwai waɗanda ko sallama ba sa yi. In aka yi sa'a mai fim ya so labarin, sau da yawa ciniki ne na baki, a biya sau ɗaya a wuce, ko da fim ɗin zai yi zango biyar. A kwatanta da Wattpad ɗin da suke amfani da shi. An kafa shi a Toronto ta Kanada a 2006, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kuɗi sama da dala miliyan 600. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne labaran da marubuta suka zuba, da hanyar da aka shimfiɗa musu zuwa maɗaba'a da fim. Anna Todd ta fara rubuta After a can a 2013, aka buga shi littafi a 2014, ya zama fim a 2019, sunanta da haƙƙinta suna biye da shi a kowane mataki. Mu ma muna da marubutan da suka tsallaka daga littafi zuwa allo da mutuncinsu, irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, amma ƙoƙarin kansu ne ya kai su, babu wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da ta baya za ta bi.

Hukuma kuwa har yanzu da ma'aunin zamanin faifai take awo. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, ya tona wani abu: tsarin da aka gina don fim mai farko da ƙarshe, wanda za a kawo a kalla a buga masa hatimi, ya gamu da labarin da ake ɗauka ana saki kowane mako. Ina ma a ce rabin ƙarfin da ake sawa wajen tacewa an sa shi wajen kare haƙƙin masu rubutun.

Akwai kuma wata asara da ba a cika maganarta ba. Labarin da bai kammala ba ba ya ajiyuwa, wanda kuma yake zaune a gidan aro ranar tashinsa ba a hannunsa take ba. OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a watan Nuwamban 2023. Tashar YouTube ana iya rufe ta dare ɗaya. Guruf na WhatsApp yana tafiya ne tare da wayar da ta faɗa ruwa. Shaihu Umar na Adamu Halilu ma, da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya, aka gyara shi aka haska a bikin finafinai na Berlin a 2018. In fim irin wannan ya kusa salwanta, ina ga littafin da bai taɓa sauka a takarda ba? Ɗalibin da zai zo nazarin adabin matan Hausa na waɗannan shekaru nan da shekara talatin, a ina zai same shi?

Masu cewa jama'a ne ba sa son gajeren labari, su dubi gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. An ƙayyade wa mata kalma 1,000 zuwa 1,500. Labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu ne ya fara lashewa, Bai Kai Zuci Ba na Maimuna Idris Sani Beli ya biyo baya a 2017. Ana karanta labaran a rediyo, a saka su a intanet, a yi muhawara a kansu a Facebook, kuma kowace shekara mata ɗaruruwa suke aikawa. Ga labari mai ƙofar shiga da ta fita, ya bi kafa uku, sunan mai shi yana manne da shi, bai kuma rasa masu sauraro ba.

Don haka ina kira ga furodusoshi da daraktoci: kafin a kunna kyamara a rubuta labari har ƙarshe, a sanar da masu kallo fitowa nawa ne, in ya ƙare a rufe a ɗauko wani ƙarƙashin sunan da aka riga aka gina. Ƙungiyoyin marubuta, tun daga rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA) na jihohi har ƙungiyoyin marubutan intanet, su fitar da takardar yarjejeniya guda mai sauƙi da Hausa, wadda duk marubuciya za ta miƙa wa mai son karanta littafinta a tasha ko mai da shi fim, a rubuta kuɗi, a rubuta wa'adi, a rubuta suna. Sassan Hausa na jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su fara karɓar kammalallun littattafan intanet suna adanawa da izinin masu su. Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, in an turo miki littafin kuɗi a guruf ɗin da ba na mai shi ba, ki nemi marubuciyar ki biya ta ɗari biyar ɗinta.